Ganyen da Na Hana Tawada

Ku samarin nan da kuke zuwa shagonmu ranar Asabar, ku zauna kan kwalayen firam kuna shanye mini shayi, na ji abin da ɗayanku ya faɗa da na ba ku baya. Wai zanen bishiyar dangi aikin kwamfuta ne, a zuba mata sunaye ta tofo takarda. Ban tanka ba a lokacin don akwai ganyen zinare a hannuna, shi kuwa ko numfashi mai ƙarfi aka yi kusa da shi sai ya tashi sama. Rubuta suna kam ko ɗan firamare zai yi. Wahalar tana wajen rabon wuri: wa zai zauna ina, wa zai hau kan wa, kuma ina za a ajiye wanda bai zo duniya ba tukuna.

A Kano na koyi aikin, wurin Malam Ɗanlami mai zayyana, a cikin gari. Na daɗe a gabansa ban rubuta ko baƙi ɗaya ba. Aikina fiƙe gamba, jiƙa ƙaro, tace tawada a tsumma, sai riƙe bakin zare idan zai fitar da layi. In na fiƙe alƙalami ya duba bai yi masa ba, ba ya faɗa, sai ya karya ya miƙo mini guntayen. Gidajen malamai da na attajirai suke kawo masa salsalarsu ya zana a babbar takarda, kuma ya kafa mini dokoki biyu, har yau sau ɗaya tak na taka guda daga ciki. Ta farko, ba a rufe bishiya. Ko yaya ta cika, sai an bar ganye ɗaya babu rubutu. Ta biyu, sunan da ba a raɗa ba ba a sa masa tawada. Sau ɗaya na tambaye shi dalili, ya ce in je in wanke kaskon tawada.

Da na zo Dubai, wani Ba'iraniye mai shagon firam da allunan talla a nan Al Khabaisi ya ɗauke ni don rubutun hannu. Larabawa shajara suke ce wa abin, kuma sun fi mu sonta. Tasu ba ta da wuyar sha'ani: kakan kaka a saiwa, 'ya'ya su yi rassa, jikoki su yi ganye, kuma yawancin waɗanda suka zo mini maza kawai suke sawa. Rigimarta ɗaya, kowa so yake reshensa ya fi na ɗan'uwansa kauri. Akwai dattijon da ya zaro ma'auni daga aljihu ya gwada reshensa da na yayansa, ya ce na ci amanarsa. Gamba har yau daga gida ake kawo mini, a cusa cikin kayan 'yan kargo na Deira. Abin da ba wanda ya faɗa mini kafin in zo shi ne iskar ƙasar nan. Sanyin na'ura yana busar da tawada a bakin alƙalami kafin ka kai ƙarshen suna, in kuma ka buɗe ƙofa lokacin zafi laima ta shigo, takarda ta kumbura kamar gurasa.

Aikin da nake son ba ku labarinsa ya zo mini a 2018. A bayan layinmu akwai wani tsohon Bature ɗan Italiya mai sayar da marmara, sunansa Martino. Gajere ne mai manyan hannuwa, kullum da garin dutse a girarsa. 'Yan Nijar da suke masa lodi Baba Taliya suke ce masa, shi kuma ya ɗauka sarauta aka naɗa shi. Wata shajara ya gani a tagarmu ya shigo. Larabcinsa gurgu, Turancina gurgu, haka muka riƙa jingina da juna har muka fahimci zancen. Bishiyar gidan da ya yi sarautar garinsu a zamanin da yake so, a babban allon katako, don bangon shagonsa. Sunan gidan kada ku tambaye ni, harshena bai taɓa zama a kansa ba. Da farko 'yan kasuwa ne masu juya kuɗi, daga baya suka hau mulki suka daɗe a kai. A kusurwar ƙasa kuma yana son ƙaramar bishiya ta gidansu, don a cewarsa kakanninsa ne suke fasa wa gidan sarautar dutse.

Da na shimfiɗa takardun da ya kawo, sai na ga kamar wani ne yake mini wasa da hankali. Gida guda, zuriya bayan zuriya, amma sunayen maza 'yan kaɗan ne suke ta kewayawa. Wane ɗan wane, shi kuma ɗan wane na farko, sai a sake komowa. Washegari na tare shi da tambaya.

"Baba Taliya, sunaye ne suka yi tsada a ƙasarku?"

Ya yi dariya har da tari, ya ja kujera. Ya ce ɗan fari namiji sunan kakansa na wajen uba yake ci, na biyu na wajen uwa, mata ma haka da kakanninsu mata. Shi ya sa suna yake tsallake mutum ɗaya ya sake faɗowa. Ƙaramar kalmar nan "di" da nake ta gani tsakanin sunaye kuwa ita ce "ɗan" namu. Da abin ya ruɗe su su ma, sai suka koma laƙabi: wannan Tsoho, wancan Ƙarami, wani a kira shi da ciwon da ya dame shi. Na ce ashe ba mu kaɗai ba ne.

Daga ranar ya mai da shagonmu wurin hirarsa, ni kuma ban gaji da tambaya ba. Na gano sunan mace sau da yawa na namiji ne aka canza masa baƙin ƙarshe, a cire "o" a sa "a". Na gano wasu daga cikinsu da suka zama manyan shugabannin coci sun ajiye sunan yanka sun ɗauki sabo, don haka ganyensu sai na faɗaɗa shi ya ɗauki suna biyu. 'Ya'yan da aka haifa ba ta hanyar aure ba, na zaci tsallake su za a yi. Martino ya ce a'a, wasunsu ma sun yi mulki, in dai yi musu tsinke mai tsinkewa-tsinkewa. Na yi, amma na daɗe ina jinjina abin.

Matan ne suka hana ni sakat. Reshen bishiya in ya rabu da ɗan'uwansa ba ya komowa, haka Allah ya yi ta. Su kuwa mutanen nan gidan ya rabu gida biyu, na wa da na ƙane, sannan can gaba aure ya sake haɗa jinin. Wasu 'ya'ya matan an kai su gidajen sarautar wasu ƙasashe. Ta ina zan bi da su? Na ɓata takardun gwaji da yawa. Ina cikin abra, ƙaramin jirgin fiton nan, wata rana zan tsallaka Bur Dubai sayen siliki na bayan firam, sai na tuna yaɗon kabewa a dangar gidanmu, yadda yake barin gindinsa ya je ya kama na maƙwabta. Na dawo na zana siririn yaɗo da jar tawada, ya tashi daga ganyen mace ya nannaɗe reshen mijinta. Martino ya tsaya ya bi shi da yatsa bai taɓa allon ba, ya ce, "Khalas, shi ke nan, haka yake."

Sai na zo kan wasu 'yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, suna ɗaya. Na ce masa mai buga takardar ya maimaita.

"Bai maimaita ba," in ji shi. "Na farkon ya rasu yana jariri. Da aka haifi na biyu sai aka sake yin sa."

"Aka sake yin sa? Mutum ne ko tukunya?"

Ya ce haka mutanen da suke faɗa a yankinsu. In mutum ya mutu a gida, yaron da aka haifa bayansa sai a ba shi sunan, a ce an sake yin wane. Ba a barin suna ya kwana a ƙasa.

Na ce mu ma muna mayar da suna, sai dai mu in mun mayar ɓoyewa muke. Ni da yake kira Baffa, sunana Ibrahim, sunan kakana ne na wajen uba. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan a bakinta ba, don sunan surukinta ne. Wanda aka sa wa sunan kaka sai ya zama Abba ko Baffa, mace ta zama Ummi ko Mama. Za ka ga tsohuwa tana goye da jariri tana ce masa Baba.

Martino ya buɗe baki yana kallona. "Ku ba yaro suna, sannan ku hana kowa kira? To ina amfaninsa?"

"Sunan yana nan, ba inda ya je," na ce. "Mai shi ne dai ake jin kunyarsa."

Ya kwana biyu yana shigowa yana gaishe ni da Ibrahim don ya ga ko zan amsa.

Da na kai ƙarshen babbar bishiyar, na bar ganye ɗaya fari a can sama kamar yadda aka koya mini. Ya ce in goge. Gidan ya ƙare, in ji shi, ta ƙarshensu mace ce kuma ba ta bar ɗa ba. Na ce ni ban iya rufe bishiya ba. Ya ce wannan ba ni na rufe ta ba, tun kafin a haifi kakana ta rufe. Muka yi ta ja. Can ya sauke idonsa kan ƙaramar bishiyar da ke kusurwa. Tasu gajeriya ce: Karlo ya haifi Martino, Martino ya haifi Karlo, haka dai har zuwa kansa. Shi ma ya haifi Karlo da Elena. Karlon ya rasu a hatsarin babur yana saurayi, Elena kuma tana nan Dubai da mijinta, ba ta haihu ba.

"Ganyen nan," ya ce, "sauko da shi nan. Kan Elena."

Na goge na sama na zana na ƙasa. Babbar bishiyar nan ita kaɗai na taɓa rufewa, kuma ban ji daɗi ba. Amma daga ranar na san abin da tsohon nan yake jira, kuma in na bi ta gaban shagonsa nakan leƙa in ga ganyen yana nan fari.

A ƙarshen 2019 ya shigo yana haki, ma'aikatansa biyu na biye da shi ɗauke da allon. Elena ta samu ciki.

"Yalla, Baffa, maza ɗauko tawada. Rubuta Karlo."

Na yi masa barka, na ce ba zan rubuta ba.

"Ni na sa aikin, allona ne."

"Allonka ne, hannuna ne. Yaro bai zo ba, ba a raɗa masa suna ba. Ka ma san namiji ne?"

"Namiji ne. Ina ji a jikina."

"Shwaiya shwaiya, bi a hankali, Baba Taliya. Jikinka marmara ya sani."

Ya yi fushi sosai, ya ce zai kai wa masu kwamfuta. Na ce ga su can a tsallaken titi. Bai je ba. A ƙarshe muka shirya a kan fensir: na rubuta Karlo siriri yadda sai an matso za a gani, allon kuma ya zauna a wurina har ranar da za a sa tawada.

Ba a jima ba Elena ta zo da kanta, ta sami ubanta zaune a kujerarsa. Doguwa ce, mai magana a hankali. Ta gaishe ni, ta matsa ta karanta fensirin, fuskarta ta canza. Suka juya harshensu. Ban ji komai ba sai kalma ɗaya da take ta maimaitawa, "Babbo, Babbo," wato Baba a bakin mutanen yankinsu. Da ya fita a fusace, ta juyo ta faɗa mini da Turanci. Ta ce ita ta tashi a gidan da kowane bango hoton yayanta ne. Ba za ta haifi yaro a ɗora masa mamaci tun ranar farko ba, kullum kakansa yana kallonsa yana neman wani. Ta ce in goge. Na ce fensir ne, ba ya hana komai, kuma wanda ya sa ni rubutawa shi zai sa ni gogewa. Ita ma ta fita ba sallama. Na zauna da allo a gabana, uba da 'ya duk suna jin haushina.

Farkon 2020 Martino ya tafi ƙasarsu duba dutse, ya ce ba zai daɗe ba. Sauran kun sani, da ku aka yi. Korona ta rufe hanya, ta rufe shaguna, fita ma sai da izini. Na zauna a ɗakinmu na Deira tare da abokan zamana, kowa ya gaji da fuskar kowa. Don kada hannu ya sandare, da ruwa nake rubutu a kan tayil, in ya bushe in sake. Da aka buɗe, ba mai zancen shajara. Ƙarona ya bushe a kwalba, gambar ta ƙare, 'yan kargo ba sa zuwa. Abin da ya riƙe shagon shi ne sitikar tafin ƙafa da ake mannawa a ƙasa don a ba da tazara. Kwamfutar taku ce ta buga su, ba na musu, ni kuma da furfurata na riƙa durƙusawa a manyan kantuna ina mannawa.

A cikin wannan hali ɗaya daga cikin 'yan Nijar ɗin nan ya tsaya a ƙofarmu da takunkumi a fuska, ya ce, "Baffa, Baba Taliya fa ya rasu. Can a asibitin garinsu." Na yi salati na zauna. Na ji mutuwar nan ƙwarai, don ban taɓa samun wanda yake amsa mini tambaya bai gaji ba kamarsa. Allon na naɗe shi da bargo na jingina a bayan kanta. Mai gidanmu ya sha cewa yana cin wuri, ni kuma na sha yin kamar ban ji ba.

Sai a 2021 Elena ta dawo, rungume da yarinya mai ƙiba da manyan hannuwa. Ban tambaye ta wa yarinyar ta ɗauko ba. Na ba ta kujerar da ubanta yake zama, na yi mata gaisuwa, na kwance bargon. Ta daɗe tana kallon ƙaramar bishiyar.

Ta ce ya kira ta daga asibiti kafin numfashi ya gagare shi. Bai yi zancen ciwo ba. Labarin mutanen Baffa ya ba ta, masu ba yaro suna su ɓoye, yana dariya yana tari. Ya ce ta sa Karlo a takarda kawai, ta kira yaron duk abin da take so.

"Me kika ce masa?"

"Ban ce komai ba. Na ce ya huta, za mu yi magana."

Ba su sake magana ba. Na ɗauko abin goge fensir na miƙa mata. Ita ta goge da hannunta.

"Wane suna aka raɗa?" na tambaya.

Ba ta faɗa ba. Ta karɓi fensir ta rubuta a gefen takardar gwaji ta turo mini: Martina.

Na fiƙe sabon alƙalami cikin gambar da ta iso mini a watan, na kashe na'urar sanyi don kada tawada ta bushe a hanya. Suna gajere ne amma na daɗe a kansa, ban ɗaga kai ba sai da na rufe "a" ɗin ƙarshe. Da ya sha iska na fitar da wani ɗan tsinke daga samansa, na zana ganye fari. Elena ta gani, ba ta ce a goge ba.

Ina tattara kaya, ashe yarinyar ta zame daga cinyar uwarta ta rarrafa ƙarƙashin tebur. Ta samo zaren da nake fitar da layi, ta shafe fuska da garin allin da ke jikinsa har gira, tana ƙoƙarin cusa sauran a baki. Elena ta sunkuya ta kama hannunta, ta ce a hankali, "Babbo, a'a. Saki."

Sai da na waiwaya na dubi ƙofa, kamar zan ga Baba Taliya yana shigowa.